Kiran Suna a Burtali

Saniya ta farko da suka sare wa jijiyar ƙafa a bayan makarantarmu ta faɗi, ina tsakiyar koya wa 'yan aji uku lissafi. Kukanta na fara ji kafin ihun mutane. Da na leƙa ta taga sai na gan ta durƙushe, tana jan ƙafafun baya a cikin gyaɗa, jini na bin sawunta, ga wani ƙato tsaye a kanta yana goge adda da ciyawa. Ƙaton nan yayana ne, Muntari, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ce Ramlatu, malamar firamare a wani ƙauye cikin gundumar Kahu, kuma tun daga ranar ban ƙara kallonsa na ji sanyi a raina ba.

Shanu bakwai suka nakasa a hantsin nan. Duk na Alu ne, Bafulatanin da rugarsu ta fi shekara hamsin a gabashin gari. Ƙaninsa da ke kiwon ya ɗaga sanda, sai suka taru a kansa su shida da gora, ba su bar shi ba sai da ya daina motsi. An ɗauke shi da karayar muƙamuƙi da haƙarƙari uku. Washegari mutanen rugar suka tare ɗaya daga cikin yaran Muntari a hanyar kasuwa, suka cire masa yatsu biyu da rabin kunne. Kafin mako ya zagayo an ƙone bukkoki huɗu a ruga da rumbu biyu a gari, iyaye suka janye 'ya'yansu daga makaranta, na koma ina shiga aji ina gaida kujeru.

Duk a kan burtali ne, hanyar da shanu ke bi daga ruga zuwa rafi tun zamanin kakana. A shekarar da aka yi zaɓe na biyu bayan soja sun sauka, wanda ya ci kujera a yankinmu, ba zan ɓata bakina da sunansa ba, ya tashi saka wa samarin da suka riƙe masa gora ranar zaɓe. Gonarsa na nan shimfiɗe har ba a hango ƙarshenta, amma da zai yi kyauta sai ya yi da abin da ba nasa ba. Ya ce su raba gefen gabas na burtalin. Muntari ne shugabansu, shi ya sami kaso mafi girma. Kafin ruwa ya sauka suka sare itatuwa biyar da ke nuna iyakar gefen, suka tone kututturan suka ƙone, suka cike ramukan, suka shuka gyaɗa da wake a kai. Abin da ya rage wa shanu ɗari uku bai fi faɗin tabarma biyu ba.

Da maganar ta kai kotun shari'a, mutanen Muntari suka jeru suna rantsuwa cewa burtalin bai taɓa wuce haka ba. Alƙali ya ce ya ji, amma shi da ƙafarsa zai zo ranar Alhamis, duk mai shaidar inda tsohuwar iyaka take ya kawo. Shaida kuwa ɗaya ce a duk faɗin ƙasar, tana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon mahaifinmu.

Mahaifinmu Malam Nata'ala shi ne hedimastan farko na makarantar da nake koyarwa. A shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga boko kyauta, an turo masa yara amma ba a turo masa littafi ko ɗaya ba. Maimakon ya zauna jira, sai ya ɗauki wata babbar rajista da ba a yi amfani da ita ba, ya rubuta nasa littafin karatun da hannunsa. Akwai labarai a ciki, akwai waƙoƙi, akwai darasin yadda talibambam ke zama kwaɗo da yadda gara ke ginin suri. Amma abin da 'yan ajin ba su taɓa mantawa ba shi ne darasin itatuwa. Su goma sha biyu ne, yaran gari da na ruga, itatuwan da ke gefen burtali ma goma sha biyu. Ya ba kowa bishiya ɗaya, ya ce ya kula da ita shekara guda, ya san lokacin da take tofo, da lokacin da take fure, da tsuntsun da ke sheƙa a kanta, sannan ya tsara mata waƙa layi huɗu da kansa. Kowace Alhamis sai ya fita da su, kowa ya tsaya a gindin bishiyarsa, shi kuma ya tsaya a bakin burtali yana kiran suna. Ba sunan yaro yake kira ba, sunan bishiya yake kira, mai ita ya amsa da waƙarsa. A bangon baya na rajistar ya zana burtalin, ya rubuta yawan taku tsakanin kowace bishiya da 'yar uwarta, dagacin lokacin ya gani ya ji daɗi ya buga masa hatimi a kai. Shekara ɗaya aka yi haka. Da ta zagayo sufeto ya zo ya tarar da aji ba kowa, ya yi faɗa kamar zai ari baki, aka turo littattafan gwamnati, Baba ya kulle nasa a akwati.

Muntari yana cikin goma sha biyun, bishiyarsa ɗinya ce. Da yake ɗan fari ne, Baba bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa wasa da shi a gaban mutane ba, saboda alkunya. Da can sai dai ya ce kai, ko yaron nan. Tun daga shekarar sai ya sami mafita, ya koma kiransa Ɗinya, har ya yi gemu ya aje mata da 'ya'ya. Kuma da hannunsa Muntari ya sare ɗinyar nan, an ce bai ma bari kowa ya taya shi ba.

Ranar Litinin Alu ya zo zaurenmu. Shi ma ɗan ajin ne, shi ne Gawo. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaida Baba kamar yadda yake yi yana ɗan shekara tara. Bai yi doguwar magana ba. Ya ce ya san abin da ya zo nema nauyi ne, don gonar ɗan Malam ce, kuma in Malam ya ce a'a ba zai riƙe shi a zuciya ba. Baba, wanda yanar ido ta rufe masa gani har ba ya gane mutum sai da murya, ya ce ya je, littafi zai zo ranar Alhamis. Da ya shigo cikin gida Inna ta tare shi da kuka, tana tambayarsa ko ya manta wanda zai tona wa asiri. Ya ce bai manta ba, amma taku nawa ya rubuta taku nawa ne, ba zai rage ko ɗaya don ɗansa ba.

Ban san wanda ya kai wa Muntari labari ba, ƙauyenmu dai ba ya riƙe magana. Ranar Talata bayan azahar ya shigo gidan ubansa da ƙatti huɗu, ba sallama, har tsakar gida inda Inna ke gaban murhu ba mayafi. A cikinsu akwai Shitu, shi ma ɗan ajin, wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Sauran ukun idanunsu jajur, ko ina suka sha abin da suka sha oho.

Baba ya riga ya jawo akwatin, yana zaune a kansa a ƙofar ɗaki.

Muntari ya ce, “Baba, ba ni littafin. Ba na son a yi abin da ba shi da kyau.”

Baba ya ce, “An riga an yi, Ɗinya. Ka fitar da mutanen nan daga gaban mahaifiyarka.”

Muntari ya juyar da kai gefe, wannan juyawar ita ce izinin. Biyu suka ɗaga tsohon cak suka jefar da shi kan turmi. Ya rarrafo ya kama hannun akwatin da hannunsa na dama, na ukun ya sauke masa gora a wuyan hannu. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Ban san lokacin da taɓarya ta zo hannuna ba, na dai ga na maka wa mai gorar a ƙeya ya kife, jini na fita ta kunnensa, kuma har yau ban yi nadama ba. Ɗaya daga cikin sauran biyun ya juyo ya naushe ni a baki, haƙorina na gaba ya faɗo a kan zanina. Inna tana ta salati tana kiran maƙwabta, maƙwabta kuwa kowa ya ja ƙofarsa.

Muntari bai taɓa Baba da hannunsa ba, a nan zan yi masa adalci, ko da yake bai cancanta ba. Shi dai ya fasa kwaɗon akwatin da adda, ya zaro rajistar, ya ture tukunyar Inna daga murhu, miya ta malale a ƙasa, ya cusa littafin cikin wuta. Takardar ta tsufa, ta kama nan da nan. Baba bai ga wutar ba, amma ya ji ƙaurin, ya yunƙura zai tashi suka danne shi. Muntari ya tsaya yana juya littafin da bakin adda har sai da bangon baya mai hatimi ya zama toka, sannan suka fita. Shitu ne na ƙarshe, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, na tofa masa jinin bakina a riga.

Maɗori ya zo da la'asar ya ja hannun ya ɗaure da kara. Baba bai yi ko tari ba, sai gumi. Na ce mu kai ƙara wajen 'yan sanda, ya ce a'a. Na ce to shi ke nan, burtali ya tafi, ɗansa ya ci nasara, sai ya zauna ya ji daɗin tarbiyyar da ya yi. Na faɗi haka ga mahaifina yana kwance da karyayyen hannu, don raina ya ɓaci da kowa, har da shi. Ya bari na gama, sannan ya ce gobe in zagaya gidajen 'yan ajinsa na itatuwa biyar ɗin da aka sare, in gaya wa kowa magana ɗaya: Malam ya ce ranar Alhamis akwai fita.

Na je da kumburarren baki. Jumai, mai tsamiya, yanzu uwar 'ya'ya takwas ce, ba ta fita ko ƙofar gida sai da dalili. Ta saurare ni tana tankaɗe, ta ce za ta tambayi maigidan, amma daga yadda ta aje rariyar na san ko ya yarda ko bai yarda ba za ta zo. Mai marke, Ramalan, ya rasu shekara shida da suka wuce. Alu ya ce to. Shitu ya ƙi fitowa, na faɗa wa bangon zaurensa da ƙarfi yadda duk unguwar za ta ji. Gidan Muntari ban je ba, na ce wa Baba in yana so ya aika wani.

Ranar Alhamis da hantsi alƙali ya iso da magatakardansa da 'yan sanda biyu, dagaci ya tarye su. Garin duk ya fito. Mutanen ruga suka tsaya yamma da sandunansu, mutanen Muntari suka tsaya gabas da gorori, wai kowa ya zo sauraron shari'a. Muntari shi kaɗai bai tsaya cikin mutanensa ba. Tun da sassafe ya shige can tsakiyar gyaɗarsa ya kafe, adda a hannu, ko gaida alƙali bai zo ba. Kowa ya ɗauka girman kai ne, ni ma haka.

Na riƙo Baba muka zo gaban alƙali. Ya ce littafin ya ƙone, bai faɗi wanda ya ƙone shi ba, alƙali ya kalli hannunsa ya kalli bakina bai tambaya ba. Ya ce yana girmama Malam, amma ba zai yanke hukunci da maganar dattijo ɗaya da ba ya gani ba, Alu kuma shi ke ƙara, ba zai yi wa kansa shaida ba. Daga gabas aka fara dariya, wani ya ce tsohon ya rikice, a mayar da shi gida. Baba ya roƙi alƙali abu ɗaya, ya bar shi ya yi kiran suna, kuma a kawo diga. Ya bayyana masa yadda suke yi a da. Alƙali ya ce bismilla.

Na kai shi bakin burtali, daidai inda yake tsayawa shekara ashirin da bakwai da suka wuce. Ya gyara murya, muryar hedimasta ta dawo masa.

“Tsamiya.”

Jumai ta fito daga bayan mata cikin dogon hijabi. Ba ta kalli kowa ba, ba ta ƙirga taku ba, ta ratsa cikin gyaɗar mutane kamar mai zuwa madafinta, ta tsaya cak. Ta ce:

“Tsamiya ganyenki ƙanana,
Inuwarki ta fi ta ɗaki sanyi,
Da yamma kina naɗe ganye,
Kin riga kaji shirin kwana.”

Alƙali ya ce ta matsa, a haƙa. Ba a kai kamu biyu ba diga ta fara fito da gawayi, sannan saiwa mai kaurin cinya, baƙa ƙirin. Dariyar gabas ta mutu.

Baba ya kira Gawo. Alu ya miƙa wa wani sandarsa ya tafi, ya tsaya, ya yi tasa waƙar, wadda ke cewa gawo na tsirara da damina kowa na dariya, rani ya zo ya sa riga shanunsu suka zo gaishe shi. Aka haƙa, aka sami gawayi da saiwa. Baba ya kira Marke, aka ce masa ya rasu. Ya ce ya sani, amma ba a tsallake suna, ya yi masa addu'a, jama'a suka shafa. Jumai ta ɗaga murya daga inda take, ta ce marke na tsakaninta da Gawo, ya ɗan karkata wajen suri, don nan take jifan Ramalan da tsakuwa in ya yi barci a tsaye. Baba ya ce in je in tsaya masa. Na bar shi riƙe da sandarsa na tafi. Sau biyu aka haƙa kafin a dace, amma an dace.

“Kanya.”

Shitu na cikin mutanen gabas, gora a kafaɗa, kuma kanyar a cikin kason da aka ba shi take. Baba ya sake kira. Shitu ya sauke gorar daga kafaɗa. Sai ya saki gorar ta faɗi, ya fito. Abokansa suka bi shi da zagi, har da na uwa, wani ya ɗauki dutse ya jefe shi ya fasa masa goshi. Bai waiwaya ba. Ya je ya tsaya jini na shiga masa ido, ya ce:

“Kanya tun kina ɗanya nake jifa,
Baurinki ya kama min harshe,
Na haƙura har kika nuna,
Tsuntsaye suka riga ni.”

Ƙato ne mai shekara talatin da shida, yana gamawa ya fashe da kuka. Aka haƙa a ƙarƙashinsa aka samu.

Saura ɗaya, kuma ita ce mai muhimmanci, don ɗinya ce a kusurwa, inda ta tsaya nan ne zai nuna ko gonar Muntari gona ce ko hanyar shanu. Baba ya kira Ɗinya. Ba amsa. Ya sake kira, ya kira na uku, muryarsa ta faɗi a na ukun. Muntari na can tsaye inda yake tun safe, yana kallon sama.

Alu ne ya fara lura. Ya kalli Jumai, ya kalle ni, ya kalli Shitu, ya bi layinmu da ido har ƙarshe, sannan ya ce a hankali, “Malam, ai yana wurinsa.”

Kowa ya juya. Mu huɗu mun yi layi, layin ya miƙe ya je ya ƙare a ƙafafun Muntari. Ashe ba girman kai ya kai shi can ba. Ƙasar wurin ta ɗan lotsa, gyaɗar da ta fito a kan tokar kuma ta fi ta ko'ina kore, shi ya sa ya je da sassafe ya taka wurin don kada a gani. Duk faɗin gonar nan, inda ya zaɓa ya tsaya shi ne inda yake tsayawa yana yaro, kuma da bai tsaya ba da wataƙila har la'asar ana haƙa ba a samu ba.

Alƙali ya ce ya matsa. Bai matsa ba. 'Yan sandan suka nufe shi a hankali, don sun ga addar. Baba ya ce a kai shi, shi zai yi masa magana, Alu ya zo ya ba shi kafaɗa ya dafa. Na so in bar wurin marke in bi su, amma magatakarda bai gama aunawa ba ya ce in tsaya, ni kuma na tsaya. Wannan tsayuwar ita ce abin da ba zan yafe wa kaina ba.

Suna isa na ga bakin Baba yana motsi, ban ji me ya ce ba. Muntari ba shi yake kallo ba, Alu yake kallo. Ya ɗaga addar da hannu biyu ya kawo wa Alu sara a wuya. Baba bai ga addar ba, ya dai ji Alu ya zabura, sai ya yi taku ɗaya gaba yana miƙa ɗaurarren hannunsa wajen ɗansa. Saran ya sauka tsakanin wuyansa da kafaɗa.

Abin da ya biyo baya a guntu-guntu nake tuna shi. 'Yan sanda sun harba sama. Mutanen ruga sun kwararo, sanduna na sauka a kan Muntari har na daina ganinsa. Mutanen gabas rabi sun gudu, rabi sun shiga da gora, wani ya faɗi kusa da ni kansa a fashe. Ni da Jumai muka isa wajen Baba, ta cire hijabinta a gaban maza ta danna a raunin, kafin ka ce me ya jiƙe sharkaf. Alu ya kwanta a kan Muntari yana kare shi da bayansa, yana yi wa 'yan uwansa tsawa da Fulatanci, ba don haka ba da a nan za su ƙarasa shi. Na tallafo kan Baba, leɓensa na motsi, na kai kunnena. Kalma biyu ya faɗa, bai ƙara ba. Aka sa shi a bayan a-kori-kura, ya cika kafin mu kai asibitin Rano.

An haƙa wurin bayan kwana uku, an sami saiwar ɗinya. Alƙali ya mayar da burtali yadda yake, aka kafa duwatsu. Ɗan siyasar da ya yi kyautar burtalin ya ce shi bai ma san yaran ba, kuma har yau yana hawa mota yana ɗaga wa mutane hannu. Inna ta ce ta yafe jinin, ba za ta rasa miji ta rasa ɗa ba. Ni aka tambaye ni na yi shiru, shirun nan kuwa ba yafiya ba ce.

Bayan arba'in na sayi sabon littafin rubutu, na shiga bin 'yan ajin ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ke Kibiya da wadda aka aurar Durba. Labaran da darussan sun tafi, sai ɗan abin da wani ya tuna, amma waƙoƙin itatuwa na samu goma sha ɗaya cif, har da ta Ramalan, wadda Jumai ta riƙe. Ta ɗinya ce ta gagara. Kowa layi biyu ya sani. Jumai ta ce ai Malam bai taɓa barin Muntari ya kai ƙarshe ba, yana yin layi na biyu zai ce ya isa, na gaba. Su a lokacin sun ɗauka tsananin da ake yi wa ɗan fari ne.

Wata takwas ina kallon rabin shafin nan kafin na iya zuwa gidan yarin da aka ɗaure Muntari. Aka fito da shi, ya rame, ido ɗaya ya mutu, hannun hagu ya ɗoru a karkace. Ya ce, “Ramlatu.” Ban ce Yaya ba, ban tambaye shi lafiya ba. Na buɗe littafin a kan gwiwata na ce saura layi biyu na zo karɓa, in ya ba ni in tafi.

Ya kalli littafin. Sannan ya miƙe tsaye, ya haɗa ƙafafu, ya sa hannuwa a baya yadda Baba ke sa su yi, ya ce:

“Ɗinya kina kore ba mai kallo,
Kin yi baƙi kowa na ɗaga kai,
Na miƙa hannu ban kai ba,
Baba ya ɗora ni a wuya na tsinka.”

Ya ce sau ɗaya aka yi, wata ranar da ba kowa a burtali sai su biyu. Da ya sa a waƙa Baba ya rubuta masa a littafi bai canja ko kalma ba, amma ya ce kada ya faɗa a gaban mutane, abin kunya ne a ji ya ɗauki ɗan fari. Ni ban taɓa sanin Baba ya taɓa ɗaukarsa ba, Inna ma ba ta sani ba. Na rubuta.

Na rufe littafin na miƙe. Ya kama ƙarfen da ke tsakaninmu da hannunsa mai lafiya, ya ce an gaya masa ni ce a kansa da ya cika, ko ya ambace shi, ko da sunan bishiyar ne.

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so, har na buɗe baki. Amma ni 'yar Malam Nata'ala ce.

Na ce, “Cewa ya yi, a haƙa.”

Gandiroba ya ce lokaci ya yi. Na sa littafin cikin jaka na fita neman motar Kibiya.